Kejin Ƙafafun Tartsatsi

Tartsatsi muke ce masa tun yana yaron shago, saboda rigunansa duk huji ne, bakinsa kuma ba ya rasa abin fesawa. Mai walda ne, Allah ya jiƙansa. Ƙofofi, tagogi, gadajen ƙarfe, rabin na layinmu aikin hannunsa ne. Matarsa tana koyarwa a firamare, shi ya sa bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Malama, ko da faɗa suke yi.

Ciwon ya fara masa da jan ƙafar hagu, daga baya ido ɗaya ya yi hazo ya washe. An sha yawon asibiti kafin a ɗauki hoton bayansa. Likita ta nuna masa wasu fararen tabo a cikin laka, ta ce sunan cutar em-es: jiki ne da kansa yake cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyi.

"Wato wayata ce robarta ta saɓule," ya ce. "Tana haɗa wuta inda ba a aike ta ba."

"Kusan haka ne," in ji likita.

"To, ai na saba da wuta."

Da rana yana lallaɓawa. Dare ne abokin gabarsa. Da ya kwanta sai ƙafafun su ɗauki zafi daga gwiwa zuwa yatsu, wani lokaci kuma abu ya tsarga masa daga baya kamar ya taɓa wayar lantarki. Ko mayafi ne ya shafi fatar, ji yake kamar ana goga masa burushin ƙarfe. Malama, baiwar Allah, kullum sai ta zauna ta murza masa man zafi, shi kuma ya cije matashi ya daure, don ya ga iyakar abin da take iya yi masa ke nan. Sai da likita ta ji labari ta hana. Ta ce ciwon ba a ƙafa yake ba, daga laka yake, zafi da murza ƙara shi suke yi. Ta ba shi ƙwayar da zai sha da wuri bayan magariba don kada maye ya kai shi hantsi, ta ce a bar fanka a kunne, a riƙa sanyaya ɗakin.

Abin ya ɗan lafa, amma akwai wanda ƙwaya ba ta magani. Malama mai juyi ce a barci. Wata rana diddigenta ya bugi ƙwaurinsa, ya yi ƙarar da ta tashi yara. Washegari da dare ya ga ta shimfiɗa tabarma a ƙasa.

"Wannan fa?"

"Ƙasa ta fi sanyi, Maigida."

Ya san ba sanyi ba ne. Makonni suka shuɗe tana kwana a ƙasa, tana tafiya aji dafe da ƙugu. Shi kuma ga shi shi kaɗai a kan gadon da ya ƙera da hannunsa kafin aurensu, yana jin juyinta a kan siminti. Ya taɓa gaya mana cewa wannan ya fi masa ƙunar ƙafar ciwo.

Yayansa ya zo dubiya ya ga tabarmar, ya yanke hukunci irin na manya.

"A gyara maka ɗakin baƙi, a sa ƙaramin gado. Kai ka huta, ita ma baiwar Allah ta koma kan katifa. Haƙuri za ka yi, haka lalura take."

"Yaya, da girmanka," in ji Tartsatsi, "cutar nan ta ƙwace min babur, na bar mata. Ta hana ni hawa tsani, na bar mata. Gadon nan na mutum biyu na auna shi. Ba za ta raba ni da matata ina numfashi ba."

"Taurin kai zai hana ƙafa ciwo ne?"

"A'a. Amma ƙarfe zai hana a taɓa ta."

Da asuba ya ja ƙafa zuwa shago, kafin rana ta yi zafi ta kashe masa jiki. Tsayuwa ta gagare shi, sai ya zauna a kan gwangwanin fenti ya jawo rodi. Hannun da ya saba jan walda sumul ya riƙa rawa, ɗinkin waldar ya fito a karkace kamar na ɗan koyo. Ya sa guduma ya fasa, ya sake. Muka ce ya kawo mu riƙe masa, ya ce mu riƙe bakinmu. Kwanaki ya yi a kai. Abin da ya fito wani keji ne mai lanƙwasa, a kifa shi daga gwiwa zuwa yatsu, mayafi ya hau kansa ba tare da ya taɓa fata ba, ga raga ta gefen da Malama take kwanciya.

Da muka shigar masa da shi ɗaki, Malama ta riƙe haɓa.

"Kiwon kaji za mu fara a kan gado?"

"Zakara ɗaya ne, shi ma tsoho. Naɗe tabarmar nan, Malama."

Ta naɗe. A daren farko ta yi juyinta, babban yatsanta ya daki rodi, wannan karon ita ce ta tashi yara. Yana dariya yana cije leɓe, ya ce, "Mun yi kunnen doki." Da safe ya naɗe rodin da soso da tsohuwar robar taya.

Ciwon bai tafi ba, kada in yi masa ƙarya bayan ransa. Akwai dararen da yake kaiwa asuba ido biyu, ƙafafu na ƙuna a cikin keji. Sai dai yanzu in ya miƙa hannu, kafaɗar Malama yake taɓawa, tana minsharinta hankali kwance. Ya ce a irin wannan lokacin yakan ce wa ciwon, "Na ji ka. Ci gaba, ni dai ina nan."

Shekaru ya yi a haka, har ciwon ƙirji ya zo ya same shi jiki ya riga ya yi rauni. A kan gadon nan ya cika, Malama tana kwance a gefensa.