Ƙafar Yaya Abarshi

Yayana Abarshi mai zuma ne. A Kakangi aka haife shi, kuma tun yana saurayi yake rataye amya a bishiyoyin bakin daji, ya sauko da zuma, ya kai kasuwar Birnin Gwari. Mutum ne mai raki na ban mamaki. Ƙudan zuma ɗaya ya harbe shi, sai duk unguwa ta ji. Ni Kadijatu, ƙanwarsa, na sha yi masa tsiya cewa ya zaɓi sana'ar da ta fi ƙarfin fatarsa.

Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka ɗauke shi a gindin wata ɗorawa. Wata biyu ya yi a hannunsu, da sarƙa a idon sawunsa na hagu. Ranar da ya dawo, ƙafa ba takalmi, akwai wani rami a tafin ƙafar da babban yatsana zai shige. Na wanke da ruwan gishiri, ina kuka, shi kuwa ko gezau.

Nan fa mutane suka samu abin faɗa. Wai namijin duniya ne, wai ya sha tauri a daji. Kai, mutanenmu! Mutumin da ƙaya ke sa shi salati shi ne ya zama jarumi dare ɗaya? Amma ni ma na yi shiru, don na ga yabon yana ɗan ɗaga masa kai. Haka ya yi ta taka ramin nan wata huɗu, yana zuwa masallaci, yana zuwa gaisuwa, ciwo kuma sai faɗi yake.

Da ya fara wari na kai shi wani ƙaramin asibiti a cikin gari. Nas ɗin wata yarinya ce mai suna Praise. Ta zare tsinken tsintsiya, ta ce ya rufe ido, ta riƙa soka masa a yatsu.

"Baba, kana ji?"

"A'a, 'yata."

Ta ce sarƙar ta danne jijiyar ji. Wai jijiyar nan ba zafi kaɗai take kaiwa ba, tana aika wa fata saƙo, fatar bakin ciwo kuma tana da wuraren karɓar saƙon, da shi take ƙara tsirowa ta rufe. Kamar waya ce, in ba sabis, kira ba ya shiga da kyau. Ta hana shi takawa, ta ba shi sanduna. Ta ce in jijiyar ba ta farfaɗo ba, ciwon ya kai ƙashi, likita zai yanke ƙafar.

Tun daga ranar nan Yaya ya koma roƙon Allah ya ba shi zafi. Kowace Talata tsinke, kowace Talata a'a. Wallahi na tsani tsintsiya a watannin nan.

A wata na biyar da fara zuwa asibitin, da hantsi, ina shanya masara, sai na ji ya ƙwalla ƙara. Na same shi riƙe da idon sawu, gumi sharkaf. Na rangaɗa guɗa, shi kuwa ya dube ni kamar na zage shi.

"Ba zafi ba ne, Kadija. Ja ne. Ana jan sarƙar."

A ranar ya gaya min abin da ya ɓoye. Sarƙa ɗaya aka ɗaure su da Gideon, wani manomin ƙauyen Kazage da aka kama a mako ɗaya da shi. An hana su magana, sai suka riƙa jan sarƙar sau biyu, alamar ina nan da rai. Zazzaɓi ya kashe Gideon, aka yi kwana biyu ba a kwance su ba. Da matarsa, Maman Zakka, ta zo yi wa Yaya barka tana tambaya, ya ce mata an raba su, bai san komai ba. Ya kasa gaya mata gaskiya.

Praise ta ce fizgar nan jijiya ce ke farkawa, abin murna ne. Gaskiyarta, don fata ta fara tsirowa ja-ja daga gefe, har ramin ya rufe kafin girbin dawa. Amma jan bai daina ba. Sau biyu, ya tsaya, sau biyu. Na ji tsoro, har yau ina ji.

Ranar da ya ajiye sanduna ya ce in raka shi Kazage. Mun tarar da Maman Zakka tana wanki, kayan maza a kan igiya, ga su fes, ba wanda ya sa su. Ta taso da fara'a.

"Baba Abarshi! Ƙafa ta warke?"

"Ta warke," in ji shi. Ya durƙusa a ƙasa, ya dafe idon sawunsa. "Ki zauna, Maman Zakka. Ranar nan ƙarya na yi miki."