Motar da Ta Ɗaure Ni a Gandu

A gidanmu na Nasarawan Doya har yau gandu ake yi. Gona ta Baba ce, mu 'ya'yansa maza mu yi noma tare, a ci daga rumbu ɗaya, kuma babu wanda ya isa ya bar gari sai ya sallame shi. Shekarata talatin da biyu, ga mata ga 'ya'ya, amma ko Zariya za ni sai na durƙusa na nemi izini. Abin yana ci mini rai, ban dai taɓa furtawa ba.

Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne ƙera 'yan motocin tsere. A waya na fara ganinsu: mota kamar tafin hannu, tana gudu da lantarki a kan katako, da ɗan harshen ƙarfe a ƙarƙashinta mai bin tsagin da aka yanka mata. Masu bidiyon da kayan kanti suke haɗa nasu. Ni kuwa wajen 'yan gwangwan na kasuwar Maƙarfi nake tsinto nawa. Inji daga mataccen rediyo mai kaset, tayoyi daga tsohon silifas, wuta daga batirin babur. Wahalar duk tana wajen ƙashin motar, wato abin da inji da tayoyi ke zama a kai. Da wayar ƙafar keke nake lanƙwasa shi in liƙe da dalma. Idan ya karkace ko da kaurin farce ne, taya ɗaya ta tashi sama, motar ta yi tsalle ta bar hanya. Guda shida na jefa bayan katanga don haushi. Na bakwai, da na ɗora shi a kan fasasshen madubin matata, tayoyi huɗun suka zauna daram.

Wani mutumin Ikara mai shagon gyaran janareta a Kaduna ya ga bidiyon motar a wayar abokina. Ya kira ni ya ce hannu irin wannan yake nema, zai riƙe mini gurbi zuwa ƙarshen wata. Saura sallamar Baba.

Na san idan da baki na je masa, cewa zai yi wasan yara ne. Sai na ga gara ya gani da idonsa. Bayan la'asar na shimfiɗa katakon a zaure na jona wuta. Motar ta ɗiba a guje, tana zagaye tana ƙara. Baba ya yi dariya har da tafawa, abin da rabona da gani tun ina ƙarami. Ya ɗauke ta ya juya cikinta, yana shafa liƙin dalmar da yatsa.

"Kai ka yi wannan? Har injin?"

Nan kaina ya kumbura. Na ce, "Ai Baba a ƙone na same shi. Ni na warware wayar na sake naɗa masa sabuwa."

Baba ya miƙo mini motar. Washegari ya ce in bi shi fadama. Ya nuna mini injin matsar rake da muke yin mazarƙwaila da shi, wanda ya mutu tun bara, da kuma injin ban-ruwa. Ni sarkin wauta, na ɗauka jarrabawa ce. Kwana biyu na yi cikin baƙin mai, ina aiki ina murna, duka biyun suka tashi. Da yamma na yi wanka na je na durƙusa, na faɗa masa maganar Kaduna.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Haba ɗan nan. Allah ya ba gidan nan makaniki, sai in ɗauka in miƙa wa wani? Wa zai riƙe mana injinan?"

Na ce, "Baba, ai zan riƙa zuwa."

"Rake ba ya jiran mai zuwa. Amma gurbin kada a yi asararsa. Ka kira mutumin ka ce ƙanenka zai zo."

Ƙanen nawa ko ƙotar fartanya bai iya sawa ba, kunya uku zai nome ya nemi inuwa. Baba ya ce ai shi ya sa, tafiyarsa ba za ta rage mana komai ba. Na ji kamar in fasa ihu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Baba."

Ni na kira mutumin da bakina, har na yi masa ƙaryar cewa yaron yana da kai. Ni na kai ƙanen nawa tasha a babur, da jakata a bayansa, don tasa ta yage. Ban tsaya ganin tashin motarsu ba. An riga an bugo mini cewa bel ɗin injin rake ya tsinke, ana jirana.