Vasudha a Ɗakin Gilashi

Vasudha Rangnekar ta girme ni, shi ya sa tun ranar da na fara ɗaukar hoto a jaridarmu ta Nagpur nake ce mata Tai, yadda muke kiran yaya mace. Mahaifinta malamin firamare ne a Wardha. Ita kuwa ta tashi da ƙafar yawo da bakin tambaya. An ba ta kujera a ofis, ta jibge tsofaffin jaridu a kai, ta koma bin motocin ƙauye. Duk shekarar da damina ta yi gardama auduga ta ƙone, za ka same ta a ƙofar gidan manomi, ta cire takalmi, tana cin gurasar dawa da ɗanyar albasa, tana saurare har mutum ya gaji da ɓoye abin da ke cikinsa.

"Hemant, ajiye kyamarar nan tukuna," takan ce mini. "Mutum bai gama kuka ba kai kana neman haske."

Daga baya wayar hannu ta cinye kasuwar jarida. Shafuka suka yi ta raguwa, har masu jaridar suka rufe reshenmu. A tsakanin nan ne wani attajiri mai harkar gine-gine, Lalwani, ya buɗe kafar labarai ta intanet a Mumbai, ya nemi Tai ta riƙe masa sashen harshen Marathi. Ta ce za ta zo, amma da mutanenta. Haka muka bi ta, har da tsoho Gokhale mai gyaran rubutu, wanda bai taɓa kwana a wajen Nagpur ba.

A Mumbai aka ba ta ɗaki na gilashi a saman bene. A bangon da ke fuskantar ta akwai ƙaton allo mai nuna yawan masu karanta kowane labari a daidai wannan lokaci. Labarin rijiyoyin da suka ƙafe yakan kwanta a can ƙasa. Na 'yar fim da ta sauya aski ya haye sama.

"Tai," Gokhale yakan ce, "ki sa manoman su ma su yi aski mana."

Takan yi dariya, amma idonta na kan allon. Kuma abin mamaki, ta iya aikin. Ta gane irin kanun da ke sa mutum ya danna, ta iya zama da masu talla, ta iya lallashin masu zuba jari. Aka yi ta ƙara mata girma. Rabonta da rubuta labari da hannunta har ta daina faɗa.

Wata rana da hantsi wayarta ta yi ƙara muna cikin taro. Kausalyabai ce, wata gwauruwa daga wani ƙauye kusa da Yavatmal, wadda Tai ta taɓa rubuta labarin rasuwar mijinta. Ta ce an kafa masana'antar rini a saman rafinsu. Ruwa ya koma ja, awaki suna mutuwa, jikin yara duk ƙuraje. Ta ce babu wanda suka sani sai ita.

Na daɗe ban ga fuskar Tai haka ba. Ta tashi tsaye tana tattara jaka.

"Ɗauko kayanka, Hemant. Da kaina zan je."

Ba mu kai ga tashar jirgin ƙasa ba. Lalwani ya aiko a kira ta, ni ma na shiga don ni ke kula da sashen bidiyo. Ya sa aka kawo shayi, ya tambayi lafiyar mahaifiyarta, sannan ya ce masana'antar ta ƙanin matarsa ce.

"Vasudha-ji, ban taɓa sa miki hannu a aiki ba. Wannan ɗaya ne kawai: ki bar labarin nan."

"Lalwani-saheb, yara ne ke shan ruwan."

"Zan yi masa magana a gida. Ya fi saurin gyaruwa ta nan."

"In haka ne ka nemi wata. Ni na gama."

Bai ɗaga murya ba. Ya juya kofinsa a kan faranti.

"Ba zan riƙe ki ba. Amma kin san masu jari sun daɗe suna cewa a rufe sashen Marathi, na'ura ta riƙa fassara daga Hindi. Sunanki ne ya hana. In kin fita, ban san me zan ce musu ba."

Tai ta juya ta dubi waje ta gilashin ofishinsa. Gokhale na can ya sunkuya a kan rubutu, matarsa na kwance a asibiti tun watan jiya. Sauran ma duk sun sayar da abin da suke da shi a Nagpur, sun sa yara a makarantun Mumbai. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗauki shayin ta sha.

Da muka fito na ce mata kada ta zauna saboda mu.

"Kai kaɗai ne mu?" ta ce, ta shige ɗakinta.

Ta tura labarin ga wani tsohon abokin aikinta mai ƙaramar jarida a Amravati. Ya buga shi a shafin ciki. Jami'ai suka je, suka ɗebi ruwa a kwalba, suka tafi. Masana'antar ta ci gaba da aiki. Kausalyabai ta sake kira, Tai ta ɗauka, ta ce ana ƙoƙari. Kira na gaba ina zaune a gabanta. Ta riƙe wayar a hannu tana kallon sunan har ta katse.

Shekarar da ta biyo baya aka ɗora ta a kan duk harsunan kamfanin. Ana gayyatar ta tarurruka a manyan otal ta yi magana a kan makomar aikin jarida, a tafa mata. Gokhale ya yi ritaya. Wasu suka samu wani aikin. Bara ni ma gwiwata ta ce ta gaji da jirgin ƙasan zuwa aiki kullum da safe, na yanke shawarar komawa gida, na shiga yi mata sallama.

"Tai, mun ragu yanzu. Kin sauke nauyinmu. Ki fita mana."

"In je ina? Wace jarida ta rage da za ta ɗauki tsohuwa ta tura ta ƙauye?" Ta nuna falon ma'aikata da haɓa, cike da fuskokin da ban ma san sunansu ba. "Waɗannan kuma ni na kawo su. Daga Patna, daga Madurai, daga ko'ina. Iyayensu ni suka kira suka ba ni amana."

Ta tambaye ni ko zan koma ɗaukar hoto, na ce ƙila na bukukuwan aure. Ta ce aƙalla can mutane suna murna da ganin kyamara.

Sakatariyarta ta leƙo ta ce masu talla sun iso. Tai ta laluba takalminta a ƙarƙashin tebur, ta gyara zanenta na sari, ta ce in gaida mutanen Nagpur.