Fayafai bakwai na kasuwar Omdurman

Wallahi abin nan ni ya faru da shi, ba ji na yi ba. Lokacin ina shekarar ƙarshe a wata jami'a a Khartoum ina karatun kwamfuta, zamanin da takunkumin da aka sa wa Sudan ya hana mu sauke manhajojin kamfanonin waje, duk mai rubuta manhaja sai ya koma Linux, tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta. To Linux ɗin ma iri-iri ne, kuma wanda ka zaɓa a kansa za ka gina aikin kammalawa, in ya ƙi tashi ranar gwaji sai maimaita shekara. Ni kuwa Baba gona ya sayar ya turo ni.

Abokaina duk suka bi wani sabon yayi mai ƙyalli wanda komai sai ya leƙa intanet, ni ma shi na tafi nema da azahar, rana na dukan ƙeya, a shagon mai kwafar fayafai a kasuwar Omdurman. Sai na tarar da wani tsoho cikin farar jallabiya, ya dube ni ya ce da Hausa irin ta Hausawan yankin Jazira na Sudan, "Takwara, bar wancan. Ɗauki wanda ba ya roƙon kowa." Ya miƙo min fayafai bakwai ɗaure da zare, tsohon samfuri ne marar ado, amma duk kayan aikin rubuta manhaja suna ciki. Na lura yatsu huɗu ne a hannun nasa na hagu. Ban ma tambaye shi inda ya san sunana ba, kai, wauta!

Dariyar da aka yi min ba a magana, wai na ɗauko kakan kwamfuta. Ranar gwaji intanet ya ɗauke, a injinan makaranta kuma sai an girka komai daga farko, na ga gwanaye suna zufa, ni ko na kwance zarena na zura fayafai ɗaya bayan ɗaya, manhajata ta tashi tsaf. Malaminmu ya ce da Larabcin Sudan, "Tamam, ya zol!", wato madalla mutumina. Har yau in na tuna kaina kumbura yake, ba zan ɓoye muku ba.

Na koma yin godiya, mai shagon ya rantse shi kaɗai ke zama, kuma kullum da azahar a kulle yake barin shagon. Da na ba Baba labari a waya sai ya ce, "Hannunsa na hagu, yatsu nawa?" Na ce huɗu. Sai na ji yana salati. Mahaifinsa, wanda aka sa min sunansa, ya tafi Makka a ƙafa tun Baba na yaro, daga Sudan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, lauje ne ya cire masa yatsa.

Ni dai ban ce shi ne ba. Amma in za ku zaɓi Linux, ku duba wanda zai tsaya da ƙafarsa ranar da babu kowa, kuma in baƙo ya kira ku da suna, ku tsaya ku tambaye shi. Zaren yana nan a akwatina.