Kaltume da Kifin Shekarar Fara

Duk wanda ya ci kasuwar Matankari a zamanin Nasara ya san Kaltume mai bandar kifi. Gajera ce, ga faɗa, ga hannu kullum cikin hayaƙi. Ƙanwar kakata ce, kuma ni ban taɓa ganin ta sayi kifin da bai motsa a gabanta ba. Sai ta tsokane shi da yatsa, in bai yi wutsil-wutsil ba ta ce, "Ɗauke abinka, Allah ya ba da kasuwa." Masunta suna ce mata mai tsirfa. Tsirfar me? Ba su san abin da ta gani ba.

A shekarar da fara ta rufe Arewa, an kwashi maza aikin tilas, har da mijinta Illo. Aka ba su dusa cuɗe da wata guba, wai arsanik, su barbaza wa ɗango, wato ƴaƴan fara. Da aiki ya ƙare, sauran dusar ta yi tsibi a bakin wani ɗan tabki. Babu wanda ya ce musu uffan. Ruwa ya sauko da safe, ya share ta kaf zuwa cikin tabkin.

Washegari tarwaɗa ta taso saman ruwa, ciki sama. Mu kuwa mun saba: in kifi ya taso haka, wani ne ya daka magimfa ya zuba, ganyen nan da ke bugar da kifi, mutum ya ci lafiya lau. Tun kakanni haka ake yi. Mata suka ruga da ƙorai suna guɗa, ga shekarar yunwa. Kaltume ta cika kwando.

Tana da ɗiya guda tak, Kubra, wadda ta samu bayan ta binne uku. Yarinyar ta rame saboda fara ta cinye gero. Kaltume ta zaɓo mafi girma, ta dafa har da hantarta da ƙwanta, ta ɗebo ruwan tabkin ta yi romo.

"Inna, ke fa?" in ji Kubra.

"Ci abinki, uwata. Ni kan kifin ya ishe ni."

Kafin la'asar unguwa ta ɗauki amai da zawo. Kubra tana kiran ruwa, tana cewa maƙogwaronta wuta, numfashinta yana warin tafarnuwa. Tsofaffi suka ce doguwa, aljanar tabkin, aka taɓa, aka yanka baƙar akuya. Illo ne ya je bakin ruwa, ya tarar babu tsibin dusa, ga kwaɗi da balbelu a mace. Ya dawo hannu bisa kai yana salati. Waɗanda suka ci kaɗan sun tashi. Kubra ba ta kai jibi ba.

Kaltume ta rayu, sai dai tafin ƙafarta ya mutu, ko ta taka ƙaya ba ta ji. Har ta tsufa ba ta zagi Illo ba, ba ta ambaci doguwa ba. Ni dai har yau raina yana ɓaci da wanda ya miƙa wa talakawa wannan dusa bai buɗe baki ba.

Wata rana ina ƙarama, na yi mata ƙorafi ta ba ni ƙaramin kifi. Ta dube ni ta ce, "Wadda na fi so na ba babba."