Saƙon Kawu Ba Gaisuwa

Jiya da na dawo daga lakkwal bayan an tashi karatu, na tarar da Kaka a ƙofar gida riƙe da salula, tana jira in karanta mata saƙo. Kawu Idi ne ya aiko mata kuɗi daga Abijan.

Na karanta. Ta ce, "Sai mi kuma, ɗiyata?"

"Shi ke nan, Kaka."

"Bai ce a gaishe ni ba?"

A da, duk wata takan ɗaura sabon zane ta tafi banki. Ma'aikacin da ke miƙa mata kuɗin yakan ce, "Inna, ɗanki na gaishe ki." Yanzu an rufe reshen Filinge, wai kowa ya koma salula, babu riba. An mayar da ma'aikacin zuwa Yamai.

Na sake duba saƙon, lambobi ne kawai. Sai na gane ashe gaisuwar nan ma'aikacin bankin ne yake ƙarawa daga bakinsa.

Na kasa yi mata ƙarya. Ta karɓi salularta ta shige ɗaki, ko tuwo ba ta ci ba.

Ku da kuka girme ni, idan wani saƙon ya zo, in ƙara mata gaisuwar ko in yi shiru?