Amsar da Yaya Umaru ya tara bai ba ni ba

Bana shekara talatin da tara ke nan da rasuwar yayana Umaru, kuma gara in faɗi gaskiya tun da wuri: har yau ina kishinsa.

A zamanin Jamhuriya ta Biyu mu biyu muke buga wa mutane wasiƙa a bakin kasuwar Bodinga, kowa da tafiretarsa. Na fi shi sauri nesa ba kusa ba. Duk abin da ya fito daga bakin mutum, kafin ya haɗiye miyau na dasa shi a takarda, har da zagin. Shi kuwa Yaya sai ya naɗe hannu ya saurara, mutum ya gama zazzage cikinsa, sannan ya tace ya buga. Manoman Horo Birni sukan wuce teburina su yi layi a nasa, ni ina zaune ina korar ƙuda.

Da zamani ya tsananta, takarda ta yi wuya, Baba ya ce tebur ɗaya ya isa, a rufe nawa. Ranar na miƙe a gaban jama'a na ce Umaru maƙaryaci ne, ba abin da mutane ke faɗa yake rubutawa ba.

Ya dube ni ya ce, "Na jiya, Sani. Bari in tara maganagga tukuna, in ta kwanta sai in ba ka amsa."

Zazzaɓi ya ɗauke shi a daminar wannan shekarar, ba mu sake zancen ba.

Daga tafireta na koma kwamfuta, da furfurata na koyi haɗa shafukan intanet. A can na tarar da wani umarni da ake ba kwamfuta, mai irin halina: da ka kira shi sai ya watsa abin da ke bakinsa a kan shafi, ko wurin ya dace ko bai dace ba. Maganinsa shi ne ka tara masa mazubi, ka kama abin da ya furta ka ajiye da suna, ka gyara, sannan ka saki. Ranar da na gane haka haushi ya kama ni. Mutumin da bai taɓa ganin kwamfuta ba ya riga ni, nan ma. Da yana raye da murmushi kawai zai yi, murmushin da ya fi komai ƙona mini rai.

Tsofaffin Bodinga har yanzu "ƙanen Umaru" suke kirana. Da zagina Yaya ya yi a ranar da na ƙaryata shi, da tuni na manta. Sai ya tafi da amsarsa, ya bar ni ina rubuta ta da kaina duk shekara, kuma ban taɓa rubuta wadda ta kai tasa ba.